Saran maciji: Gwajin minti 20 da ya kamata kowane asibitin ƙauye ya iya

Da zarar damina ta kankama, asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe kan cika da manoma da makiyaya. Yawancinsu kububuwa ce ta sare su, macijin da ake wa laƙabi da gobe da nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai iya shiga asibiti da ƙafarsa yana hira, alhali jini na zuba a cikin jikinsa.

A nan ƙananan asibitoci ke yin kuskure. Sai a duba kumburi, a ba da maganin ciwo, a sallami mutum. Bayan kwana ɗaya ko biyu a dawo da shi dasashinsa na jini, wani lokacin har jini ya zuba a ƙwaƙwalwa.

Alhali gwajin da zai tona asirin dafin bai da tsada. A ɗebi jini kimanin mililita 2, a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba tare da an girgiza ba. Idan aka karkata kwalbar jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, sai allurar kashe dafi ta jijiya, da adrenalin a kusa saboda wasu jikinsu kan ƙi ta. Bayan awa 6 a sake gwajin. Dafin wasu macizan kuwa jijiyoyi yake kamawa: fatar ido ta faɗo, haɗiya ta gagara, numfashi ya yi wuya.

Allurar ma ba kowace ba. Wadda aka haɗa don macizan Indiya ba ta maganin kububuwar Afirka ta Yamma yadda ya kamata. EchiTAb da ake amfani da ita a Kaltungo daga dafin macizan Najeriya aka samar da ita.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin rage mace-mace da nakasa daga saran maciji da rabi kafin 2030. Jihohi ba za su kai ga haka ba matuƙar allurar na ƙarewa a asibitoci, iyalai na sayar da dabbobi don sayenta. Ya kamata a koyar da ma'aikatan ƙauye wannan gwaji, a ajiye allurar kusa da gonaki, kyauta.

Su kuma dangi, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse. A hana ƙafar ko hannun motsi, a garzaya asibiti.