Mai Farfaɗiya Ya Sanar da Abokin Aikinsa

A ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, mutum zai gaya maka yana da hawan jini ko ciwon suga kansa tsaye, har ya zaro ƙwayar daga aljihu ya nuna maka. Amma farfaɗiya ko surukai ba a gaya wa, balle maigida a wurin aiki. Ni dai ra'ayina a faɗa. Ba ina nufin shela a kasuwa ba. Mutum ɗaya ko biyu da kuke wuni tare, su ya kamata su sani.

Na san abin da ake tsoro, don na daɗe ina koyarwa a firamaren wannan yanki. Akwai wani matashin malami da muka yi aiki tare. Bini-bini sai ya nemi izini, wai zai je gaida kawunsa a Sakkwato. Ashe asibitin ƙwaƙwalwa na Kware yake zuwa karɓo magani. Da 'yan bindiga suka matsa wa hanya sai ya daina tafiya, magani ya yanke masa. Ran nan yana gaban allo, alli a hannu, ya yanke jiki ya faɗi. Yara suka watse da ihu. Manya ma suka ja baya, kowa na gudun kada miyau ya taɓa shi. Wanda ya yi ta maza shi ya fi ɓarna, don cokali ya cusa masa a baki har haƙori ya karye. Wani na can yana cewa iska ce, a kawo hayaƙi. Da ya farfaɗo, abin da ya fara ce wa hedimasta shi ne, "Don Allah Malam, kak ka bari uwayen ɗiya su jiya."

Da akwai wanda ya sani, da benci kawai za a kawar, a tallafe masa kai da abu mai laushi, a juya shi ya kwanta ta gefe, a jira. Ba a danne mutum, ba a sa masa komai a baki. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti. Kuma ba a ɗaukar wannan ciwo ta miyau ko ta taɓawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Sanƙarau na jawo ta, haka zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da doguwar naƙuda, da buguwa a kai. Wanne ne baƙo a wurinmu? Ko a 2017 sanƙarau ya yi mana ɓarna a Sakkwato da Zamfara. Masu ciwon suna cikinmu, a aji, a sakatariyar ƙaramar hukuma, a fadama wurin albasa.

Wani zai ce, Malam, kai da albashinka kake magana, yaron shago fa? Gaskiya ne. Maigida zai iya sallamarsa da la'asar ba takarda ba shaida, washegari labari ya isa gidan yarinyar da yake nema. Shi ya sa na ce a zaɓi wanda za a gaya wa, mai riƙe sirri. Amma akwai sana'ar da ɓoyo a cikinta ganganci ne da rai: ɗan kabu-kabu mai goyon mace da jariri, direban da ke lodin Shinkafi, masunci a gulbi, mai tuyar ƙosai a gaban tafasasshen mai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai tuƙi ya ajiye tuƙi sai likita ya yarje masa, ko da ran kowa zai ɓaci.

Nauyi mafi girma yana kan shugabanni. Tun Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, amma a ƙauye halin maigida ya fi doka aiki. Malamin nan namu hedimasta ya rufa masa asiri, ya ba shi ranar zuwa asibiti a fili, ya ci gaba da koyarwa lafiya lau. Abin da ya ci wa makaranta ke nan, rana ɗaya.

Ina roƙon sakatarorin ilimi na Isa da Sabon Birni su sa a koya wa malamai taimakon gaggawa na farfaɗiya. Ma'aikatar lafiya ta jiha kuma ta tabbatar ana samun maganin a manyan asibitocin garuruwan biyu, don kada mai ciwo ya sai da ransa a hanyar Sakkwato saboda ƙwayar wata guda.