Jinin Da Ake Ɗiba a Wajen Awo Ba Ya Tafiya a Banza



Kwanakin baya na je ganin gida Kafin Dafga, sai wata ƙanwata mai cikin fari ta ce ta daina zuwa awo. Dalilinta shi ne kullum sai an ɗebi jininta, kuma ƙwayoyin da ake ba ta, an ce mata suna sa ɗa ya yi ƙato, haihuwa ta yi wuya. Da na duba cikin idonta da tafin hannunta, sai na gan su fari fat. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Waɗannan ƙwayoyi suna da tarihi, kuma wani ɓangare nasa a nan kusa da mu aka yi shi. Farfesa Alan Fleming, masanin ilimin jini, ya yi shekaru yana aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ya yi bincike kan sikila a cikin aikin nazarin zazzaɓin cizon sauro da aka yi a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa. Ya kuma yi rubuce-rubuce kan sankarar jini a tsakanin mutanen Afirka. A 1986, shi da abokan aikinsa, ciki har da Farfesa Kelsey Harrison, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi kan mata Hausawa 200 masu cikin fari a Zariya. Sun gano cewa kare mace daga zazzaɓin cizon sauro yana rage mummunan ƙarancin jini sosai, kuma maganin ƙarin jini yana daɗa taimakawa. Da jinin mata irinmu aka gano haka.

Zazzaɓin cizon sauro ba jini kaɗai yake sha ba. A Zariyar dai, Dakta Brian Greenwood ya nuna a 1972 cewa yana raunana garkuwar jikin yara. Tun 1958 kuwa, wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda. Daga baya aka gane tana da alaƙa da wata ƙwayar cuta, tare da yawan kamuwa da zazzaɓin nan. Sankara ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki, tana girma da sauri, amma tana jin magani in an zo da wuri.

A ganina, mu mutanen Ƙaraye da Rogo mun fi kowa buƙatar kula da wannan. Ga madatsar ruwa ta Challawa, ga fadamu da noman rani, sauro ba ya yanke mana. Amma sai mu ce ai ɗan zazzaɓi ne, a jiƙa ganye.

Na san akwai wahalar kuɗin mota da dogon layi, wani lokacin ma da faɗan ma'aikata. Wannan gyara namu ne. Sai dai macen da ta shiga naƙuda ba isasshen jini, zubar jini kaɗan na iya kai ta lahira. Jinin da muke ɗiba bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, kuma shi ke nuna mana yawan jininki, da rukuninsa, da ko kina ɗauke da sikila.

Don haka ki fara awo da wuri. Ki sha maganin ƙarin jini kullum. Ba ya sa haihuwa ta yi wuya. Daga wata na huɗu ki karɓi Fansidar a wajen awo, sau ɗaya a wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Ki kwana cikin gidan sauro mai magani, ke da yara. In kika ga muƙamuƙin yaro ko cikinsa na kumbura da sauri, ko haƙoransa suna girgiɗi ba dalili, kada a kai shi wurin wanzami a tsaga. A kawo shi asibiti.

Maigida, izini da kuɗin mota a hannunka suke. Ƙanwar tawa dai mijinta ya mayar da ita awo, har an ce jininta ya fara hawa.

Allah Ya sauke ku lafiya, amin.