A Riƙa Rubuta Asalin Dawakinmu Na Sukuwa

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan sha'anin dawakin sukuwa. Ni manomi ne, da rani kuma nakan taɓa sayar da harawa da dusa a kasuwannin ƙauye, saboda haka ina cuɗanya da masu dawaki, ina jin kukansu. Kukan kuwa ɗaya ne: mai goɗiya shi ke shan wahala, amma wani ke cin riba.

Kafin in zo kan namu, bari mu dubi yadda ake yi a ƙasashen Turawa. Dokin tseren da ya fi tsada a duniya shi ne wanda suke kira torobired, wato mai tsantsar asali. Dukkansu daga ingarmu uku suka fito, waɗanda aka kai Ingila daga ƙasashen gabas wajen shekara 300 da suka wuce. Tun 1791 suka buɗe littafin da ake rubuta kowane doki da uwarsa da ubansa. Dokin da ba ya cikin irin wannan littafi, komai kyansa, ba a kiransa da wannan suna. Kuma ba su yarda da barbarar allura ba, dole sai ingarma ya hau goɗiya da kansa.

To wannan ne ya sa ingarma ya zama kadara. Akwai wani doki mai suna Frankel, wanda a lokacin tserensa mallakar Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya ne, ya yi tsere 14 ya cinye duka, aka ajiye shi a 2012 don barbara kusa da garin Newmarket na Ingila. A shekarar 2024 kuɗin barbararsa ya kai fam 350,000 a kan goɗiya ɗaya tak. Irin waɗannan ingarmu kuwa sukan hau goɗiya fiye da 100 a shekara. Mai karatu, sai ka buga lissafi da kanka. Wasu ma idan lokacin barbara ya wuce a Turai sai a sa su a jirgin sama a kai su Ostireliya, su sake wani aikin.

Amma fa kada wannan ya ruɗe mu, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. A 1983, a gwanjon Keeneland da ke jihar Kentaki ta Amurka, Shaihu Muhammad bin Rashid na Dubai ya sayi wani duƙushi mai suna Snaafi Dancer a kan dala miliyan 10.2 saboda sunan ubansa. Dokin nan bai taɓa shiga tsere ba ko sau ɗaya. A 2006 ma an sayi wani mai suna The Green Monkey dala miliyan 16, bai ci tsere ko ɗaya ba. Wannan asarar attajirai ce, su za su iya shanyewa. Ƙaramin makiyayi kuwa, shi zai jira cikin wata 11, ya ciyar da ɗan har ya shekara, sa'annan ya kai gwanjo. Idan farashin bai kai kuɗin barbara ba, ya faɗi ke nan.

Abin da ya burge ni shi ne yadda wasu jihohin Amurka, kamar New York da Florida, suka tallafi nasu makiyayan. Sun san ba za su iya ja da manyan ingarmun Kentaki ba, sai suka ware tsere na musamman ga dawakin da aka haifa a jiharsu, kuma idan doki ya ci, har wanda ya kiwata uwarsa yana samun nasa kaso. Ban da haka, a can galibi ba a biyan kuɗin barbara sai ɗan ya faɗo da rai, ya miƙe ya kama nono.

To mu fa? Mu ingarma muka sani, shi ake yi wa ado a hau ranar Sallah, goɗiya kuwa an bar ta a ƙauye ba mai kula da ita. A wajenmu idan ta nemi barbara, ingarman da ke kusa ake kai ta, ba mai rubuta komai. Ranar Alhamis ka kai ɗan kasuwar Maigatari, dillali ya tambaye ka ubansa, ba ka da shaida sai rantsuwa. Sai a taya shi da arha. Bayan shekara biyu ka ji yana cin kofi a filin sukuwa na Kano, an sayar da shi ninkin-ba-ninkin, kai ko goro ba ka gani ba. Masu kuɗinmu kuma sai su kwashi dukiya su sayo dawakin Sudan, kuɗin ya fita waje.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin sukuwa da masarautunmu, tun da su ne iyayen dawaki, da su yi abu uku. Na farko, a buɗe littafi a kowace gunduma, a rubuta duƙushi da launinsa, ko akawal ne ko kili, da ranar haihuwarsa da iyayensa, likitan dabbobi ya sa hannu. Na biyu, a ware tsere ga dawakin gida masu takarda, a kuma fitar da wani abu daga cikin kyautar a ba mai goɗiya. Na uku, ingarman da ya yi suna a fili kada a bar shi ya tsufa a turke, a yanka kuɗin barbara daidai ƙarfin talaka, a biya bayan haihuwa.

Ku kuma 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa, kada wani ya sayar da gona ko ya zuba jarinsa a kan duƙushi don kawai an ce masa ubansa zakara ne. Gaskiya ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai an tabbata ɗan barewar ne tukuna.

Da fatan waɗanda abin ya shafa za su duba wannan kira da idon basira.

Naku,
Wani manomi mai karanta jaridarku,
Ƙaramar Hukumar Maigatari,
Jihar Jigawa.