Zafin Facebook na ɗumama gidaje a Denmak, mu ina namu rabon?

Ka san yadda wayarka ke ɗaukar zafi idan ka daɗe kana kallon bidiyo? To haka manyan kwamfutocin da ke riƙe da hotunanmu na Facebook suke yi, sai dai nasu zafin ya ninka naka nesa ba kusa ba. A birnin Odense na ƙasar Denmak ba a barin zafin ya tashi a banza. Ana ɗumama ruwa da shi, a tura ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa dubban gidaje.

Tsarin ke nan a taƙaice: maimakon kowane gida ya hura tasa wutar, sai a hura guda ɗaya babba, gari ya raba. An fara shi a matsayin kasuwanci a garin Lockport na Amurka a 1877. Denmak ta rungume shi bayan tsadar man fetur ta 1973 ta girgiza ta, ta yi masa doka a 1979. Yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar suna kan tsarin. A Kofanhegan ma akwai tashar Amager Bakke, wadda tun 2017 take ƙona shara tana ba da lantarki da ɗumi.

Amfaninsa ga muhalli a fili yake. Tace hayaƙin tasha ɗaya ya fi sauƙi a kan bin dubban murhuna, kuma zafin da da zai salwanta shi ke maye gurbin mai da kwal.

Na san za ka ce, mu da zafin Afrilu ke hana barci, me za mu yi da ɗumama ɗaki? Gaskiyarka, hunturunmu ɗan taƙi ne. Ai shi ya sa a Dubai suka juya dabarar, ruwan sanyi suke turawa gine-gine daga tasha guda. Abin ɗauka shi ne haɗa kai a kan tushe ɗaya.

Duba kasuwar Shinkafi ko cikin garin Ƙaura. Mai cajin waya da janaretansa, mai walda da nasa, mai niƙa da injinsa, kowa na sayen mai shi kaɗai, kowa na shaƙar hayaƙin kowa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ribar da yawansu a gidan mai take ƙarewa. Ga itacen girki, wanda shiga daji nemansa a yankin Zurmi ya zama sayar da rai.

Kuma ba sai mun je Turai ba. Tun 2018 aka fara ba shagunan kasuwar Sabon Gari a Kano wutar sola ta haɗaka, ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka Gusau na da ta cewa.

Amma fa akwai ƙalubale. Kuɗin farawa da nauyi, ga matsalar tsaro, ga ɓarayin waya da batir. Sannan idan mutum ɗaya ya riƙe wutar kasuwa gaba ɗaya, sai abin da ya yanka. Denmak ta toshe wannan ƙofar: doka ta ɗaure farashi a kan abin da aka kashe, kuma kamfanoni da yawa mallakar masu amfani da su ne ko ƙananan hukumomi.

Saboda haka idan masu neman ƙuri'a suka zo, kada tambayar ta tsaya a kan taransifoma. Ku tambaye su: wace kasuwa za a fara da ita, wa zai mallaki tashar, wa zai yanke farashi? Ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda kuwa, ku fara da ƙirga janaretocin kasuwa ɗaya da man da suke sha a mako. Da wannan lissafin ake zuwa gaban gwamnati.