Ƙungiyoyin Gwandu Su Kai Yara Ga Littattafan Malam Abdullahi

Sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo bai ɓuya ba a jihar Kebbi. Fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi sunansa take ɗauke da shi, hubbarensa kuma na cikin garin Gwandu, masu ziyara ba sa yankewa. Ƙungiyoyin kishin masarauta ba sa taro ba tare da an yi masa kirari ba. Sai dai kirarin yakan tsaya ne a kan takobi.

Takobin kuwa gaskiya ne. Shi ya jagoranci rundunar yayansa, Shehu Usmanu, a Tabkin Kwatto a 1804, aka karya Yunfa Sarkin Gobir. A 1805 ya ci Birnin Kebbi, a shekarar kuma jama'ar Shehu suka sha wuya a yaƙin Alwasa, daf da Gwandu.

Abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne abin da ya biyo baya. Wajen 1807, ana tsakiyar samun nasara, kwamandan nan ya ga zukatan mayaƙa sun karkata ga ganima da sarauta, sai ya bar runduna ya nufi Makka. Kanawa ne suka tsayar da shi. A can ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da adalci, sannan ya komo. Wane darasi ya fi wannan dacewa da matashin da za a bai wa kansila gobe?

Nan ne aikin ƙungiyoyin nan yake. Tazyinul Warakat, inda Malam ya ba da labarin yaƙe-yaƙen da bakinsa, Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci tun 1963. Kamata ya yi a ce kowace makarantar sakandare a Gwandu da Kalgo tana da shi da Hausa mai sauƙi, a farashin da ɗalibi zai iya. Kuɗin rumfuna da kujerun taro ɗaya zai buga kwafi masu yawa.

Masana ma ba su yi nisa ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Shugabannin ƙungiyoyi su je su roƙi malaman tarihi da na Larabci su zauna da yara a Gwandu ko sau ɗaya a zango, a karanta babin Alwasa, sannan a ɗauke su a mota a kai su wurin.