Zauren Malama: In Za a Kawo Karen Gadi, Kada Kunya Ta Hana Ki Tambaya

A wannan watan zan taɓo batun da na san wasu za su yi mamakin ganinsa a shafin malamar Islamiyya, wato batun kare. Dalili kuwa shi ne, yawan haura katanga da dare ya sa gidaje da dama a Fagge da kewaye, musamman na 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa masu ajiye kaya a gida, sun fara neman karen gadi. Maigida ne zai kawo shi, amma da gari ya waye ya tafi kasuwa, ke da 'ya'yanki za a bari da shi.

Mu fara da hukunci. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi izinin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, wanda kuwa ya riƙe shi ba don haka ba, ladansa na raguwa kullum. Malamai irin su Imam Nawawi sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan idan akwai buƙata ta gaskiya. Masu sharhin Risala ma sun ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Sai dai wurin karen gadi bakin ƙofa ne ko bayan gida, ba ɗaki ko falo ba, saboda hadisin da ya nuna mala'ikun rahama ba sa shiga inda yake. Game da saye kuwa, hadisi ya hana cin kuɗin kare, kuma shi ne mashahurin zance a Malikiyya, ko da yake Sahnun da Imam Abu Hanifa sun halatta sayar da wanda ake amfani da shi. Don haka karɓar kyauta ya fi kuɓuta daga saɓani.

To, daga ina ake samo shi? A ƙasashe irin su Ingila akwai gidajen da ke tattara karnukan da ba su da masu su, kamar na Battersea da ke Landan, wanda ya faro tun 1860. Can sai an duba lafiyar kare, an yi wa mai so tambayoyi, kafin a ba shi. Mu a nan Kano ba ta wannan hanya muka saba ba. Ko dai maƙwabcin da karyarsa ta haihu ya ba ka kwikwiyo, ko kuma a nufi masu kiwon karnuka da shagunan maganin dabbobi, waɗanda akwai su a Sabon Gari. A cikinsu akwai mutanen kirki da suka san aikinsu, akwai kuma waɗanda sai dai a ce Allah Ya kyauta.

Wata ɗalibata a ajin matan aure, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, ta je irin wannan wuri tare da babban ɗanta bayan an shiga gidanta sau biyu. Samari biyu ta tarar, mai wurin ba ya nan. Da ta tambayi watannin kwikwiyon, ɗaya ya ce biyu, ɗaya ya ce huɗu. Da ta nemi ganin uwarsa, sai suka kwashe da dariya, ɗayan ya ce, "Hajiya, aurensa za ki yi ne da kike binciken asali?" Da ta ambaci katin allura, sai ya jawo sabon kati daga aljihun tebur, ya cike shi a gabanta, alhali ba ta ga an yi wa dabbar allurar komai ba. Ta ce kunya ta kusa sa ta biya ta tafi, don kada a ce tana jayayya da maza a kan kare. Allah Ya taimake ta, ta ja ɗanta suka fita. Daga baya wata 'yar Sabon Gari mai sayen ɗinki a wurinta ta ba ta kwikwiyo kyauta, har ta raka ta wajen likitan dabbobi.

'Yar'uwa, rashin ladabin yaran nan ƙaramin abu ne a kan katin ƙaryar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar na cikin yawun dabba, tana shiga ta cizo, ko yagushi, ko lasar ciwo, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, kuma da zarar alamominta sun fito, irin su tsoron ruwa da firgita, da wuya a tsira. Alhali maganin kariya ya daɗe da samuwa: tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allura, kuma a nan gida cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana cikin masu haɗa rigakafin karnuka. Wanda ya ba ki katin bogi ya cire miki tsoron da zai sa ki gaggauta kai yaro asibiti.

Saboda haka, ko ke za ki je, ko maigida, ko ɗanki za ki aika, ga abin da nake ba da shawara.

Na farko, a tafi da wanda ya san karnuka, a kuma shirya tambayoyi tun daga gida: watanninsa nawa, ina uwarsa, ya taɓa cizon wani, me ya sa ake son rabuwa da shi idan babba ne?

Na biyu, a duba katin da kyau. Na gaskiya yana ɗauke da ranar allura, da sunan maganin, da sa hannun likita da hatiminsa. Likitoci sun saba yin allurar hauka idan kwikwiyo ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Maganin kuma a cikin sanyi ake adana shi, wanda aka ɗauko daga kan kanta cikin zafin Kano bai da tabbas.

Na uku, idan ma'aikaci ya yi miki izgili, kada ki rama. Ki maimaita tambayarki cikin natsuwa, ki nemi ganin mai wurin. Idan an ƙi, ko amsoshi suka ci karo da juna, ki yi sallama ki fita. Kunyar mara kunya asara ce.

Na huɗu, kada a gama magana sai likitan da ba na wurin ba ya duba shi. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a Gwale da Kundila. Idan an yi shakkar katin, a sake allurar. Wanda kuma yake kiran kansa likita ba tare da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ba, a sanar da hukuma, don ceton wata uwar.

Idan ya shigo gida, ya zama amana. A ba shi abinci da ruwa da inuwa, a yi masa maganin kaska da tsutsar ciki, a hana yara jifansa. Mu tuna da mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa har ta mutu. A ware masa kwanonsa, abin da ya lasa kuma a wanke sau bakwai kamar yadda hadisi ya koyar.

Idan kuwa tsautsayi ya sa ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, a bar ƙona gashin kare ana shafawa kamar yadda wasu ke yi. A killace karen kwana 10 likitan dabbobi na lura da shi, amma kada jiran ya hana fara allura. Ki kuma sabar wa yaranki cewa duk wanda kare ya taɓa ya zo ya faɗa ba za a dake shi ba, domin tsoron bulala kan sa yaro ya ɓoye cizo.

A nan zan dakata. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana gidajenmu, Ya raya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.