Dawar Maska Da Kamfanonin Giya

Barasar da Turawa ke kira wiski da hatsi ake yin ta. Wadda Sikotilan ta yi suna da ita ta sha'ir ce. A Amurka kuwa, sai masara ta kai kashi 51 cikin ɗari ake kiranta Bourbon.

Zancen nan ya shafi manomin Maska. Da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka koma kan dawar Arewa, kuma har yau suna saye. Jihar Katsina ta haramta giya a 2000, amma dokar ba ta bin buhun da ya bar Funtua zuwa Kudu. Manomi dai ya sami kasuwa. Magidanci mai awo da tiya shi ke ɗanɗana tsadar da damina.